Hannun da Kaka Ya Ɗaga

Makullin na fara gani kafin in ga mai shi. Ina duƙe a kan kwamfuta ina gyara wata takarda, sai na ji ƙarar ƙarfe a kan teburina. Tsohon makulli ne, dogo, ya yi baƙi, irin na kwaɗon da aka daina yayi, an zura masa jan zare da ya koɗe. Da na ɗaga kai sai na ga maƙwabcinmu mai gyaran rediyo a tsaye, 'yarsa tana bayansa tana kallon silin kamar ba tare suka zo ba.

A lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Kwamba, tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da katin waya. Idan an ɗauke wuta, nakan jawo ɗaya daga cikin littattafan soyayyar da nake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur. Na karanta su da yawa har ta kai duk wanda ya shigo shagon ina ganinsa a tsakiyar wani labari, ina kuma jiran shafin da komai zai daidaita. Don haka da na ga makullin nan, tun kafin kowa ya buɗe baki, zuciyata ta riga ta fara rubutu.

Maƙwabcin namu mutumin kudu ne, Kirista, amma a nan Suleja aka haife shi. Hausarsa ta fi tawa tsufa, don yakan faɗi kalmar da sai na koma gida na tambayi ma'anarta. Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na kakana, inda na girma. 'Yarsa kuwa sa'ata ce, kuma tun muna ƙanana unguwa ta laƙaba mata Nas, saboda ba ta ganin kaza tana ɗingishi ba ta kama ta ta ɗaure mata ƙafa da tsumma ba. Daga nan mahaifinta ma ya koma Baban Nas, har abokan cinikinsa suka manta sunansa na yanka.

Matsalar da ta kawo su na riga na san ta. Nas ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya ta jiha, saura takarda guda ta cika fom: shaidar cewa ita 'yar asalin ƙaramar hukuma ce. Ta je sakatariya, mai ba da takardar ya duba sunan mahaifinta, ya ce mata cikin mutunci ƙa'ida ba ta ba shi dama ba, asali yana bin uba ne, ta je garinsu. Ita da ba ta taɓa taka wannan garin ba. Uban ya rufe shago suka yi tafiyar yini guda a mota. Can kuma aka tambaye ta unguwar kakanninta, aka yi mata magana da yaren da take ji sama-sama, aka ce su kawo dattijon da ya san gidan. Waɗanda suka sani duk sun rasu. Ta ce mini a kasuwar garin har wata mai sayar da manja ta kira ta 'yar Hausa. Suka dawo hannu wofi, ga shi saura mako biyar a rufe karɓar takardu.

A makon nan ne kuma rediyo ya cika da sanarwa cewa za a gyara kundin tsarin mulki, kuma wannan karon za a zo kowace mazaɓa a ji ta bakin talakawa. Mun girma muna jin ana cewa sojoji ne suka bar mana kundin a kan hanyarsu ta fita, ba wanda ya tambaye mu. Baban Nas, wanda yini yake yi cikin muryoyin rediyo goma, ya ji cewa maganar ɗan ƙasa da baƙo tana cikin abin da za a tattauna. Shi ne ya zo in buga masa takardar shawara. Ya ce layi biyar ya isa: wanda aka haifa a gari, aka haifi ubansa a garin, a ɗauke shi ɗan gari. Makullin kuma shaida ce, in saka labarinsa a layi ɗaya.

Labarin makullin kowa a unguwarmu ya san shi. Lokacin da ƙasa ta rikice gab da yaƙin basasa, mutanen kudu suka yi ta barin Arewa, mahaifin Baban Nas ya rufe gidansa ya miƙa wa kakana makullin ta kan katanga, ya tafi da iyalinsa. Kaka yana saurayi a lokacin. Har aka gama yaƙin bai bari kowa ya tare a gidan ba, duk da masu so sun yi ta zuwa. Da mutumin ya dawo a rame, da ɗan ƙunshin kaya da yaro a kafaɗa, Kaka ya miƙa masa makullin ta kan katangar da ya karɓa.

Layi ɗaya aka ce, ni kuwa na yi shafi huɗu. Na sa ruwan sama a ranar rabuwar. Na sa hawaye suna gangarowa a kumatun samari biyu, na sa makullin yana kwana a ƙirjin Kaka yana jin bugun zuciyarsa. Maganar gyaran kundin sai a can ƙarshe ta samu ɗan wuri. Na yi imani har cikin raina cewa duk wanda ya karanta, ko da zuciyarsa dutse ce, zai ajiye biro ya share ido, ya sa hannu.

Da la'asar na karanta musu a zaurenmu. Nas ta toshe baki da gyale tana ta girgiza. Babanta ya ce, 'yata, sukarin ya yi yawa, amma a bar shi haka, wataƙila su manya masu son zaƙi ne. Kaka kuwa yana kishingiɗe a kan buzu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya fara gyara. Ya ce ba ruwan sama aka yi ba, tsagwaron rani ne. Ba wanda ya yi kuka, sauri ake yi kar mota ta tashi. Makullin kuma a cikin tulun da ya fashe ya jefa shi, har sau biyu yana mantawa da inda yake. Ya ƙara da cewa in don gaskiya ne in rubuta cewa ya ɗaure awakinsa a tsakar gidan, sun cinye musu bishiyar gwanda, kuma mai gidan bai taɓa yafe masa gwandar nan ba har ya rasu.

Sai ya juya ga Nas. Tun tana rarrafe yake kiran ta amaryarsa, irin wasan kaka da jika, ita kuma tana ce masa tsohon miji marar haƙori.

"Amarya, ke da za ki zama nas, allurar farko ni za ki yi wa ko?"

"Kai da kake gudun maganin tari? Sai an sa ƙarti huɗu sun danne ka."

Aka yi dariya. Ni dai ban cire ruwan saman ba. Na buga kwafi goma, na sa musu bango mai shuɗi.

Ranar taron, da hantsi, muka cika napep biyu muka tafi. Kaka ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Zauren taron ya cika maƙil: 'yan kasuwa, malaman makaranta, manoma daga ƙauyuka, mata 'yan coci da ankonsu, matasa masu tafiya aiki Abuja da suka yi fashi don su zo. Na rungume takardun a ƙirji ina jiran a kira ni in karanta. Har na zaɓi inda zan sassauta murya.

Ba a kira kowa ya karanta komai ba. A bakin ƙofa akwai kwali, aka ce duk mai takarda ya jefa a ciki, za a kai wa kwamiti. Na jefa shafukana a kan na masu neman sabuwar jiha da na masu neman a biya fansho a kan kari. Tsarin kuwa shi ne, wani mutum yana karanta tambayoyi ta lasifika, da Turanci sannan da Hausa, a ba mutum biyu ko uku dama su yi magana, sai a ce masu cewa e su ɗaga hannu, masu cewa a'a su ɗaga hannu, a ƙirga. Aka yi ta wucewa, wa'adin mulki, kuɗin ƙananan hukumomi, 'yan sandan jiha. Mutane suna hamma, masu sayar da ruwan leda suna ratsawa.

Da aka zo kan tambayarmu sai zauren ya farka. Shin wanda ya daɗe da zama a wuri, a ɗauke shi ɗan asalin wurin, ya samu duk abin da ɗan asali ke samu?

Baban Nas ya miƙe aka ba shi makirufo. Bai yi dogon bayani ba. Ya ɗaga makullin sama, ya ce an haife shi a garin nan, ya gudu a kafaɗar ubansa, ya dawo a kafaɗar ubansa, iyayensa duka biyu a nan suke kwance. Ya ce in ba nan ne garinsu ba, a nuna masa inda zai kai 'yarsa. Wajen masu anko ya ɗauki tafi, har da wasu daga cikin namu.

Sai wani dattijo ɗan gari ya karɓa, tsohon malamin makaranta. Shi ma bai ɗaga murya ba. Ya ce yana raye aka zo aka ce ƙasa tana son sabon babban birni, kuma sunan garinmu take so ta sa masa. Muka bayar, muka ɗauki sabon suna. Aka ce tana son fili, aka yanki gonaki da ƙauyuka, muka bayar. Ya ce yau 'ya'yanmu suna tashi da asuba su bi layin mota su je su yi gadi da shara a birnin da yake amsa sunan kakanninsu. Kowa ya rasa wurin kwana a can, nan yake zuwa, kuma ba mu kori kowa ba. Abin da ya rage mana shi ne 'yar takardar nan da 'yan guraben da take buɗewa. Ya tambaya, ita ma za mu bayar?

Na duba gefena na ga Kaka yana gyaɗa kai a hankali, idonsa a ƙasa.

Aka ce masu e. Na ɗaga hannu har ina ɗage ƙafa. Nas ta ɗaga, babanta ya ɗaga da makullin a tafinsa. Hannun Kaka yana kan gwiwarsa. Na zaci bai ji ba, don kunnensa ya fara nauyi, na taɓa shi da gwiwar hannu. Bai motsa ba. Aka ce masu a'a. Sai na ga hannun rigar Juma'a yana zamewa ƙasa, hannunsa na dama yana tashi, siriri, jijiyoyi a fili, bai kai can sama ba amma ya isa a ƙirga shi.

Nas tana kujera biyu daga gare shi. Ta gani. Ta dai gyara gyalenta ta mai da ido kan lasifika. Ba zan iya cewa wane ɓangare ne ya fi yawa ba, ban ƙirga ba, mai ƙirga ya rubuta abin da ya rubuta. A hanyar dawowa ba wanda ya tsara, amma sai muka samu kanmu su a napep ɗaya, mu a ɗaya.

A littattafan da na sani, wanda ya yi irin wannan shi ne mugun labari, kuma a shafi na gaba ake tona shi. Ban san inda zan ajiye Kaka ba. Da na kai masa abincin rana na dire kwanon da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ya dube ni ya ce in zauna. Ya ce tambayar da aka yi ba ta ce Nas ba. Da an ce wa ya yarda amaryarsa 'yar gari ce, da hannu biyu zai ɗaga har da sanda. Amma an tambaye shi ne a kan duk wanda zai sauka a tasha gobe da jibi, mutanen da bai san iyayensu ba. Ya ce sau ɗaya a rayuwarsa manya suka zo da kyakkyawar magana a kan haɗin kan ƙasa, ya yarda, ya wayi gari ko sunan garin da aka haife shi ba nasa ba ne. Na ce masa ai ita doka ba ta san amarya ba, ba ta san katanga ba. Ya ce shi ya sa ba ya son ta.

Kwana uku ba a yi sallama ta kan katanga ba. Rana ta huɗu, bayan ya karya kumallo, Kaka ya sake sa babbar rigar, ya tsinko lemun tsami cike da hularsa daga bishiyar da ke gindin katangarmu, ya ce in biyo shi. Muka zaga ta ƙofa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Bishiyar nan tana da tarihi. Ranar da aka haifi Nas, naƙuda ta zo wa mahaifiyarta da gaggawa, kakata ce ta karɓi haihuwar, ita ce kuma ta binne cibiyar a gindin lemun, kusa da inda aka zo aka binne tawa bayan wata biyu. Da wannan Kaka ya zo. Ya juye lemun a kan tabarma, ya ce ya riga ya yi magana da mai unguwa. Cibiyar yarinya a gidansa take, matarsa ce ta yanke ta, a gabansa ta girma. Zai tsaya ya shaida cewa jikarsa ce, 'yar gidansa, a rubuta takardar da sunan gidanmu. A wurinsa ba ƙarya ba ce ko kaɗan. Abu ɗaya ne kawai, sunan da zai biyo bayan nata a takardar, da duk takardun da za su biyo baya, nasa ne, ba na mahaifinta ba.

Ga shafin da nake jira ya zo. Har na fara hango ta cikin fararen kaya.

Baban Nas ya daɗe yana juya wani ɗan sukurudireba a hannunsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, ba suna ne ke ba da magani ba, ta karɓa, saura kwana goma sha biyu. Ya ajiye sukurudireban ya sake ɗauka har sau uku.

Nas ta durƙusa a gaban Kaka kamar yadda take yi in za ta gaishe shi da Sallah.

"Kaka, na gode. Na san har zuciyarka ka faɗa. Amma in takarda ta ce ni jikarka ce, shi Baba ɗan wane gari ne? Shi kaɗai za mu bari a waje?"

Kaka ya ce, "Amarya, shekara guda za ki rasa."

"Na sani. Ka bar mini lemun dai."

Na bi ta har ɗaki ina yi mata magiya. Na ce mata ba wanda zai sani, na ce in ta zama nas ta canja sunan a kotu, har na ce ko ta auri yayana a huta, wanda ya sa ta jefe ni da matashin kai. Ta ce ba fushi take yi da Kaka ba, ta fahimci tsoronsa, ita ma da a gidanmu aka haife ta ta ɗaya gefen katangar wataƙila haka za ta ɗaga hannu. Amma kakanta ya dawo daga yaƙi ba shi da komai sai suna da makulli, ba za ta zama ita ce ta ajiye ɗaya daga ciki ba.

Ranar rufe karɓar takardu ta zo ta wuce. Ni ce na yi kuka, ita tana wanke-wanke. Gyaran kundin kuma aka yi ta kai da kawowa a rediyo, aka gyara wasu wurare, maganar ɗan ƙasa da baƙo tana nan yadda take. Ban san inda shafukana huɗu suka ƙare ba. Wani lokaci nakan yi tunanin wani ma'aikaci a wani ofis ya ɗauka don ya kashe lokaci, ya kai wurin ruwan saman, ya ɗan tsaya.

Ba shekara guda ta rasa ba, uku ta rasa. Ta yi su a wani kantin magani a Izom, tana tafiya da safe tana dawowa da yamma. Daga baya ta samu shiga wata makarantar jinya ta mishan a wata jiha, inda ba a tambayi asalin kowa ba. Babanta ya sayar da rabin kayan shagonsa. Kaka kuma ya sayar da ragon da yake kiwo don layya, ya aika da kuɗin ta kan katanga, ya ce a ce wa amarya kuɗin gwanda ne.

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi, ta riga ta dawo tana aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Gawu Babangida. Kullum in ta taso sai ta biyo ta gidanmu kafin ta shiga nasu. Wata rana da yamma ina riƙe da ledar ƙarin ruwa, ita tana neman jijiya. Ta duba hannun hagu ba ta samu ba, ta ɗauko na dama ta shimfiɗa a kan cinyarta, tana bubbugawa da yatsa biyu. Sai ta yi murmushi.

"Wannan ne fa, tsohon miji."

Ya gane. Ya rufe ido. Na jira ya ce ya yi nadama, ko ya ce da za a sake tambaya da ya canja, don a littafi a wurin nan ne ake faɗin irin wannan. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shi ne. Ki soka a hankali." Ta soka a hankali, ko motsi bai yi ba.

Yanzu ita ce babbar nas a asibitin nan. Ta yi aure, tana da 'ya mace, kuma mahaifiyata ce ta binne cibiyar jaririyar a gindin lemun, don Nas ta ce ba ta san wani wuri ba. Makullin yana rataye a jikin madubin ɗakinta, an canja masa zare. Takardar dai har yau ba ta da ita. Ni kuma na buɗe shagona, kuma duk lokacin da za ta cika wani fom, na ƙarin karatu ko na makarantar 'yarta, wurina take kawowa. Ina buga suna, ranar haihuwa, adireshi. In na iso layin da aka ce ƙaramar hukumar asali, sai ta ce in bar shi fili, za ta cika da biro. Tana ninke takardar ta sa a jaka, ta tsaya a bakin titi ta tare napep. Ban taɓa ganin abin da take rubutawa ba, ban kuma tambaye ta ba.